Me ya sa masu zane baƙar fata na Amurka suke haɗa sana'a da gwagwarmaya?

Wani ƙanena da ke karatun zane ya turo min tambaya, ya ce Malam wai me ya sa duk mai zane ko marubuci baƙar fata na Amurka da na buɗe tarihinsa sai na ga an jera masa laƙabi, mai zane, ɗan gwagwarmaya, jagoran al'umma? Zane ai zane ne, ko dai salon tallata kai ne kawai?

Toh ƙanena tambayarka ta yi ma'ana, kuma ba zan ce maka babu masu talla da kalmar ba, akwai su musamman yanzu da abin ya zama kuɗi. Amma na daɗe ina koyar da tarihin zane, kuma abin da na gano shi ne asalin wannan haɗin tilas ce ta kawo shi. Mutumin da aka hana shi rataye zanensa a gidan baje koli, aka ƙi buga masa littafi, aka koya wa ɗansa a makaranta cewa kakanninsa ba su da tarihi, wannan mutumin kafin ya zauna ya yi zane cikin natsuwa sai ya fara neman bangon da zai rataye shi, kuma neman bangon nan shi ne yake mai da shi mai tara jama'a, mai yawon neman gudummawa, mai zuwa ofishin hukuma ana kai ruwa rana da shi. Bari in ɗauki gari ɗaya kawai in nuna maka, kudancin birnin Shikago, don nan na fi sani.

A 1910 baƙar fatar Shikago wajen 44,000 ne. Zuwa 1940 sun kai kusan 278,000, zuwa 1970 sun haura miliyan ɗaya. Gudun hijira ne daga jihohin kudu, inda ake rataye mutum a bishiya ba shari'a, mutum wajen miliyan shida suka baro kudu a tsakanin waɗannan shekaru. Da suka iso Shikago sai suka tarar masu gidaje fararen fata sun sa hannu a yarjejeniya cewa ba za a sayar wa baƙi gida ba kuma ba za a ba su haya ba a yawancin unguwanni, sai aka cusa su a wani siririn yanki na kudu da ake kira Bronzeville, ɗaki ɗaya iyali guda, haya kuma da tsada. Sai a 1948 kotun ƙoli ta ce kotuna su daina tilasta irin wannan yarjejeniya. Amma ka san matsi yana da nasa sakamakon, likita da lebura da mawaƙi da malamin makaranta duk layi ɗaya suke, duk wanda ya iya wani abu maƙwabcinsa ya sani.

Cikin masu hijirar akwai wata yarinya daga Louisiana da aka haifa a 1915, wadda duniya ta sani daga baya da Margaret Burroughs. Idan za ka riƙe suna ɗaya daga duk bayanin nan ka riƙe nata. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Roosevelt tana da wani shiri na ba masu zane aiki saboda karyewar tattalin arziki, ta ce za ta biya albashin malamai a cibiyoyin koyar da zane na unguwanni, amma gini da kayan aiki sai jama'ar unguwa su nemo da kansu. Unguwar da mutane ke fama da na cefane ina za su samo kuɗin gida? Sai suka ƙirƙiro gangamin tara ƙwandala ta senti goma goma, wai sai sun jera mil guda na ƙwandaloli, Margaret tana matashiya ta tsaya a kan kwana da gwangwani a hannu tana roƙon masu wucewa. Suka haɗa da bikin rawa na shekara shekara da ake sayar da tikiti. Da haka aka sayi wani tsohon gidan bene a lamba 3831 kan titin Michigan ta kudu, aka buɗe South Side Community Art Center a ƙarshen 1940, matar shugaban ƙasa Eleanor Roosevelt ta zo da kanta ta ƙaddamar a watan Mayun 1941. A 1943 gwamnati ta janye kuɗinta saboda yaƙi. Cibiyoyi irinta sama da ɗari aka buɗe a faɗin ƙasar, ita kaɗai ce har yau take aiki a gininta na asali, kuma ni a ganina dalilin a fili yake, wadda mutane suka saya da guminsu ba sa bari ta mutu.

Na taɓa shiga gidan nan sau ɗaya, wallahi abin da ya tsaya min a rai ba wani zane ba ne, bangon ne. Ɗakin baje kolin an lulluɓe bangonsa da katako tun farko, kuma duk wanda ya zo rataye aikinsa sai ya buga ƙusa, in an gama a cire, ramin ya zauna. Ba su cike ramukan ba, ba su shafe su da fenti ba. In ka matsa kusa sai ka ga katakon kamar rariya, ƙananan huji dubbai, wasu a sama wasu daidai ƙirjinka, kowane ɗaya wani ne da ya samu wurin nuna aikinsa a lokacin da manyan gidajen cikin gari ba sa ko kallonsa. Na sa yatsa a kan ɗaya na yi shiru. A ginin nan mai zane Charles White ya yi aiki, mai ɗaukar hoto Gordon Parks ya samu ɗakin wanke hoto a ƙasa, marubuciya Gwendolyn Brooks ta zauna ajin koyon rubuta waƙa a 1941, ita ce a 1950 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar marubuta ta Amurka.

Margaret ba ta tsaya nan ba. Ta yi sama da shekara ashirin tana koyar da zane a sakandare, kuma a farkon shekarun 1950 lokacin da ake farautar duk wanda ake zargi da ra'ayin gurguzu aka sa mata ido, ta ɗauki hutu ta tafi Meksiko, can ta ƙware a wata dabara da ya kamata kai ma ka gwada. Ka san ledar tsakar ɗaki mai kauri irin ta da, to irinta ake samu a sassaƙe hoto a jiki da ƴar wuƙa, a shafa tawada a danna a takarda kamar hatimi, sassaƙa ɗaya ta ba ka kwafi ɗari. Zanen fenti ɗaya ne tak, mai kuɗi ɗaya zai saya ya kulle a falonsa, wannan kuwa kowa sai ya samu, kuma har tsufanta an san ta da raba kwafin hotunanta kyauta. Ka ga nan ko zaɓin kayan aiki ma ya zama matsaya. A 1961 ita da mijinta Charles suka kwashe kayan falonsu, a gidan da kusan yake kallon waccan cibiya, suka mai da shi gidan tarihin baƙar fata, ƴan makaranta suna zuwa ita ce mai yi musu bayani. Shi ne ya zama gidan tarihi na DuSable, sunan Jean Baptiste Point du Sable, baƙin mutum ɗan kasuwa da ake ɗauka shi ya fara kafa mazauni na dindindin a inda Shikago take in ban da ƴan asalin ƙasar. A 1973 suka koma babban gini a filin shaƙatawa na Washington. Kuma shekaru da dama tana shiga gidajen yari na jihar Illinois tana koya wa fursunoni zane da rubutu, har ta rasu a 2010. Yanzu kai ka faɗa min, matar nan wane suna ɗaya za ka kira ta da shi ya ishe ta?

Abin yana yaɗuwa ne hannu da hannu. Wani saurayi Don Lee da yake taimaka mata a wancan falon, ya karance littattafan gidan, a 1967 ya ɗauki dala 400 da tsohon injin gurza takarda ya kafa maɗaba'ar Third World Press a ɗakinsa na ƙasa tare da wasu mata biyu marubuta waƙa, daga baya ya koma Haki Madhubuti. Gwendolyn Brooks da ke da babban kamfanin New York mai buga mata littafi ta bar shi ta koma wajen ƙananan maɗaba'un baƙar fata, ta Dudley Randall a Detroit sannan ta Madhubuti, tana sane sarai kuɗin ba ɗaya ba ne. Makaɗa ma a 1965 suka kafa ƙungiyarsu ta AACM ƙarƙashin Muhal Richard Abrams, suna shirya wasanninsu da kansu suna koya wa yara kiɗa kyauta.

Sai kuma maganar bango, wadda ita ce na fi so ɗalibaina su sani. Ka tuna yanayin, an kashe Malcolm X a Fabrairun 1965, marubuci Amiri Baraka ya koma Harlem, unguwar baƙar fata ta New York, ya buɗe gidan wasan kwaikwayo da makaranta, matasa sun gaji da jira. A 1967 wasu marubuta da masu zane a Shikago suka kafa ƙungiya mai suna OBAC, suna furta ta obasi, da gangan don ta yi amo da kalmar oba ta Yarbanci wato sarki. Wani cikinsu William Walker ya kawo shawarar a yi zane a jikin wani tsohon bene a mahaɗar titi na 43 da Langley, unguwar da talauci ya yi wa katutu. Mai ginin ba a unguwar yake zaune ba kuma ba su nemi izininsa ba, mutanen layin suka tambaya. Sylvia Abernathy ta tsara yadda za a raba bangon kashi kashi, makaɗa, ƴan wasa, marubuta, malaman addini, ƴan siyasa, masu zane da masu ɗaukar hoto su goma sha wani abu suka hau tsani da fentin da suka saya da kuɗin aljihunsu. Fuskoki sama da hamsin, Malcolm X, Muhammad Ali, Marcus Garvey, W.E.B. Du Bois, Nina Simone, John Coltrane, Aretha Franklin, da ita Gwendolyn Brooks. An yi muhawara sosai kan wa zai shiga wa ba zai shiga ba, kuma Martin Luther King bai shiga ba alhali yana raye a lokacin, wannan kaɗai ya ishe ka gane inda zuciyar matasan unguwar take a shekarar. Ba wanda ya sa hannu a ƙasan aikinsa. Suka kira shi Wall of Respect, bangon girmamawa, aka buɗe a watan Agusta.

Yanzu zanen bango ya zama ruwan dare shi ya sa da wuya ka ji nauyin abin. A lokacin yaro baƙi zai tashi ya girma bai taɓa ganin fuska irin tasa an zana ta da girma a waje ba sai dai a allon tallan giya ko sigari. Sai ga bene guda cike da mutanensa. Wurin ya koma dandali, ana karanta waƙa, ana kiɗa, ana taron siyasa, yara suna karɓar ƴan canji suna yi wa baƙi bayanin waye wannan waye wancan, hatta samarin unguwa irin waɗanda mu za mu kira ƴan daba ba su bari a taɓa shi ba. Kuma kar ka ɗauka komai lafiya lau aka yi, rigima ta ɓarke tsakanin masu zanen da aka shafe ɓangaren wani aka zana sabo a kai ba da yardarsa ba, ƙungiyar masu zanen ta watse a kan haka, ga jami'an tsaro suna sa ido, shekarun nan ne fa ƴan sanda suka kashe ɗan gwagwarmaya Fred Hampton yana da shekara 21 a kan gadonsa a Disambar 1969. A 1971 gobara ta ci ginin aka rushe shi. Shekara huɗu kacal ya yi, amma kafin ya faɗi Detroit ta yi nata, garuruwa da dama sun yi nasu, ɗaruruwan bangaye suka biyo baya.

Daga tokar waccan rigima a 1968 mutum biyar suka kafa ƙungiyar masu zane mai suna AfriCOBRA, Jeff Donaldson da yake cikin masu zanen bangon, Wadsworth Jarrell da matarsa Jae, Barbara Jones-Hogu da Gerald Williams. A cikin cikakken sunan akwai kalmar Turanci bad da ke nufin mugu, amma irin yadda samarinmu ke cewa wane mugu ne a harkar, wato gwani. Su sun zauna ne sun tsara yadda zanen baƙar fata ya kamata ya kasance, launuka masu ƙyalli irin na lemon garin Kool-Aid da yaran unguwa ke sha, rubutu a cikin hoto don kar saƙo ya ɓata, iyali a tsaye da mutunci maimakon hoton wahala kullum. Wadsworth ya zana ƴar gwagwarmaya Angela Davis da haruffa zalla, fuskar da gashin duk kalmomi ne in ka matso. Jae tela ce, ta ɗinka kwat da siket na mata ta yi masa ɗamara mai kama da ta harsashi. Kuma suna buga hotunansu da raga da firam, irin yadda masu buga rubutu a jikin riga suke yi lokacin kamfen, suna sayarwa dala goma don mai aikin masana'anta ma ya rataya a ɗakinsa.

In kana tunanin sun cika zafi ne, duba abin da babban gidan tarihi na Metropolitan a New York ya yi a 1969. Ya shirya gagarumin baje koli a kan unguwar Harlem, hotunan kyamara da faifai, amma babu zanen fenti ko sassaƙa ko ɗaya na masu zanen Harlem, unguwar da ta fitar da Jacob Lawrence da Romare Bearden. Masu zane suka ɗauki kwalaye suka tsaya a ƙofa. Mai zanen da ya ga haka me kake so ya zama?

Adalci dai, ba kowa ya bi wannan layi ba kuma ban yarda a ce wanda bai bi ba maci amana ne. Richard Hunt ɗan kudancin Shikago ne, ƙarfe yake waldawa ya fitar da siffofi da ba hoton kowa ba, Alma Thomas launi kawai take jerawa, kuma irinsu sun sha gori cewa aikinsu ba ya yi wa baƙar fata magana. Wannan gorin zalunci ne, don ƴancin da ake nema ai ya haɗa da ƴancin mutum ya zana abin da ransa ke so. Haka kuma tafiyar ta shekarun 1960 ta danne mata a wurare da yawa duk da su ne ƙashin bayan aikin, kuma wasu rubuce rubucen lokacin akwai ƙiyayya a ciki da shi kansa Baraka ya janye daga wasu daga baya.

Ɓangaren tambayarka na talla, nan ne zamaninmu ya shigo. Mai zane Kerry James Marshall ɗalibin Charles White ne, ka ga zaren bai tsinke ba, kuma a Bronzeville yake aiki. Wata hukumar Shikago ta sayi zanensa dala 25,000 a 1997, a Mayun 2018 ta sayar a gwanjo dala miliyan 21.1, kuma Amurka ba ta da dokar tarayya da ke ba mai zane kaso in an sake sayar da aikinsa. Da magajin gari ya ga haka sai ya ce za a cire wani zanen Marshall da ke laburaren unguwar talakawa a yammacin birnin, wanda ya yi wa yara a 1995, a kai gwanjo. Marshall ya fito ya nuna ɓacin ransa, jama'a suka yi ca, aka fasa. Ka ga ko wanda ya kai ƙololuwa sai da aka ja shi filin.

Theaster Gates kuma maginin tukwane ne da ya karanta tsara birane. Ya karɓi wani tsohon banki na 1923 da ruwa ya cinye a titin Stony Island daga hannun hukumar birni a kan dala ɗaya bisa sharaɗin zai gyara, ya yanka farin dutsen ginin gunduwa gunduwa ya kai kasuwar zane ta Basel a Suwizalan ya sayar dala 5,000 kowane, ya haɗa da sauran gudummawa ya buɗe a 2015. A ciki akwai laburaren kamfanin da a da yake buga mujallun baƙar fata Ebony da Jet, da faya-fayan makaɗi Frankie Knuckles, kuma rumfar da ɗan sanda ya harbe yaro Tamir Rice mai shekara 12 a Cleveland a 2014 nan aka kawo ta aka adana da yardar mahaifiyarsa. Ina girmama aikin nan ƙwarai. Amma tambayar da mutanen unguwa ke yi ita ma gaskiya ce, in wuri ya yi kyau masu kuɗi suka fara zuwa, haya ta tashi, wa zai rage ya more shi? Daga 2000 zuwa 2020 Shikago ta rasa baƙar fata sama da 200,000, a 2013 kaɗai an rufe makarantun gwamnati kusan hamsin yawanci a unguwanninsu. Gidan baje koli ba ya maye makaranta. Shi ya sa ni in na ga an rubuta wa mutum ɗan gwagwarmaya a takardar baje koli nakan duba abu biyu, shin yaran layin suna shiga wurin ba tare da an kore su ba, kuma in ya mutu gobe makullin yana hannun wa.

Wani abu da zai ba ka mamaki, labarin nan ya taɓa iso mu har gida. Jeff Donaldson ɗin nan na bangon titi na 43, wanda daga 1970 ya zama shugaban sashen zane a jami'ar Howard, shi ya jagoranci tawagar Amurka zuwa FESTAC 77, bikin al'adun baƙar fata na duniya da Najeriya ta karɓi baƙunci daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977 zamanin Obasanjo. Ɗaruruwan mutane ya kwaso, masu zane, makaɗa, marubuta, ƴan rawa, bayan shekaru ana fafutukar kuɗin jirgi, da yawansu ranar ce farkon taka ƙasar Afirka a rayuwarsu. Sun Ra ya zo da ƴan kiɗansa, Stevie Wonder ya zo, Miriam Makeba tana nan. Yawancin shagalin a Legas aka yi, a sabon gidan wasan ƙasa na Iganmu, amma hawan Daba na bikin a Kaduna aka yi shi, sarakunan arewa suka kawo dawakai da raƙuma dubbai, otal ɗin Durbar ma saboda shi aka gina. In kana da dattijo a Kaduna ko Zariya da ya haura sittin, ka zauna da shi ka tambaye shi hawan 77, ka tafi da littafin zanenka, ka sa ya kwatanta maka kayan dawakin da lifidin da ya gani.